Burauzar Brave: garkuwar tana da ƙarfi, amma wa zai biya mai rubutu?

Brave manhaja ce ta shiga intanet, irin su Chrome da Firefox da Opera, sai dai ita tun daga lokacin da aka sauke ta take toshe tallace-tallace da manhajojin da ke bibiyar mutum daga wannan shafi zuwa wancan, ba tare da an ƙara mata komai ba. Kamfanin Brave Software da ke birnin San Francisco na Amurka ne ya yi ta. Brendan Eich, wanda ya ƙirƙiro harshen kwamfuta na JavaScript a 1995 kuma yake cikin waɗanda suka kafa Mozilla mai burauzar Firefox, shi da Brian Bondy ne suka kafa kamfanin a 2015, suka fitar da burauzar a watan Janairun 2016. Kyauta ake sauke ta, kuma tana aiki a wayoyin Android da iPhone da kwamfutoci masu Windows ko Mac ko Linux. A 2025 kamfanin ya sanar cewa masu amfani da ita a wata sun haura miliyan 100. Na daɗe ina amfani da ita a waya da kwamfuta, kuma hukuncina a kanta ya kasu gida biyu: wajen kare mai karatu samun kamarta sai an tona, amma amsar da ta bayar kan yadda za a biya waɗanda suka yi gumin abin da ake karantawa ba ta gamsar da ni ba.

Wanda ya saba da Chrome ba zai ji baƙunta ba, domin an gina Brave ne a kan Chromium, wato ginshiƙin da Chrome kanta take kai. Maɓallan suna inda aka san su, kuma a kwamfuta cikin 'yan mintoci mutum zai kwaso shafukan da ya adana da kalmomin sirrinsa daga tsohuwar burauzarsa. Sabon abin da ido zai fara gani shi ne ɗan hoton kan zaki da ke gefen wurin rubuta adireshi. Wannan shi ne ƙofar garkuwar, wadda kamfanin ya sa wa suna Shields. Idan aka taɓa shi, sai ya nuna yawan tallace-tallace da manhajojin bibiya da aka tare a shafin da ake kai, da maɓallin kashe garkuwar ko kunna ta ga wannan shafin kaɗai.

Bambancin ya fi fitowa fili a shafukan labarai. Akwai wani shafi da nake yawan karantawa, wanda a burauzar da ba ta da garkuwa labarin kan fito ne a yanyanke: sakin layi biyu, sai hoton wani maganin ƙiba ko na ƙarfin maza, sakin layi ɗaya, sai tallan caca yana walƙiya, sannan wani bidiyo ya kunna kansa a ƙasan allo ya rufe layukan da ake karantawa. Alamar rufe shi kuwa an yi ta ƙanƙanuwa, ta yadda yatsa zai fi saurin faɗa wa tallan fiye da ita. Kana cikin karatu rubutun zai zame ƙasa saboda wani tallan ya iso a makare ya nemi wurin zama. A Brave, wannan shafin dai yakan buɗe da kanun labari da hoto da rubutu a jere, kuma lambar da ke jikin zakin takan kai gommai kafin a gama karantawa. Duk wanda ya ga wannan sau ɗaya zai gane dalilin da ya sa mutane ba sa komawa inda suka fito.

Ga mai sayen data da kuɗinsa, maganar ta wuce jin daɗin ido. A watan Oktoban 2015 jaridar New York Times ta auna shafukan farko na manyan kafofin labarai 50 a waya, ta gano cewa fiye da rabin datar da suke ci ta tafi ne wajen tallace-tallace da makamantansu, ba wajen labarin da mutum ya je nema ba. A Najeriya, inda hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, wannan na nufin ɗalibi ko ɗan kasuwa yana biyan kuɗin sauke tallan da bai nema ba, kuma sau da yawa tallan abin da ba a sayarwa a garinsu. Brave tana nuna jimillar datar da ta ce ta adana da lokacin da ta yi wa mutum tsimi a duk sabon shafin da aka buɗe. Ƙiyasi ne, bai kamata a ɗauke shi a matsayin awo ba, amma saurin buɗewar shafi a inda sabis ke da rauni abu ne da mutum zai gani da idonsa.

Sai batun tsaro, wanda a ganina shi ne hujja mafi ƙarfi. A watan Maris na 2016 an gano cewa wasu 'yan damfara sun cusa tallace-tallace masu ɗauke da manhajar da ke kulle bayanan mutum sai ya biya kuɗin fansa a cikin hanyoyin talla da manyan shafuka irin su New York Times da BBC suke amfani da su, alhali masu shafukan ba su sani ba. A Disambar 2022 kuma hukumar FBI ta Amurka ta gargaɗi jama'a kan masu sayen talla a injunan bincike suna kwaikwayon sanannun kamfanoni don satar bayanai, kuma a cikin shawarwarin da ta bayar har da amfani da manhajar toshe talla. Dalilin da ya sa haka ke faruwa yana cikin yadda kasuwar take tafiya. Mai shafi ba shi ne yake zaɓar yawancin tallan da ke fitowa a shafinsa ba. Fili kawai yake bayarwa. A cikin ƙiftawar ido da shafin ke buɗewa, ana aika bayanan mai karatu, kamar irin wayarsa da yankin da yake da abin da yake karantawa, zuwa ga kamfanoni masu yawa, su yi gwanjo a kansa, wanda ya fi taya farashi shi ne tallansa zai bayyana. Waɗanda suka faɗi a gwanjon ma sun riga sun karɓi bayanan. A Satumbar 2018 wani jami'in Brave na wancan lokaci, Johnny Ryan, yana cikin waɗanda suka shigar da ƙorafi a Turai cewa wannan tsari ya saɓa wa dokar kare bayanai ta GDPR. Babu mai karatun da ya zauna ya amince a yi gwanjonsa, don haka ban ga laifin wanda ya rufe wannan ƙofa ba, musamman idan wayar ta dattijo ce ko ta yaro, waɗanda ba lallai su bambance tallan bashin gaggawa na yaudara da saƙon banki na gaskiya ba.

Ta fuskar fasaha akwai wani fifiko da Brave ta samu a 'yan shekarun nan. Google ta sauya ƙa'idar da ƙananan manhajojin da ake liƙa wa Chrome suke bi zuwa wadda ake kira Manifest V3, kuma daga 2024 Chrome ta fara kashe cikakkiyar uBlock Origin, wadda take cikin fitattun manhajojin toshe talla, aka bar mutane da ƙaramar sigarta mai ƙarancin iko. Garkuwar Brave kuwa a cikin jikin burauzar aka gina ta, ba liƙa mata aka yi ba, shi ya sa wannan sauyi bai taɓa ta ba. Jerin adiresoshin da take tarewa sun haɗa da EasyList da EasyPrivacy, waɗanda 'yan sa-kai ne suke kula da su. Tana da mataki biyu, matsakaici da mai tsanani. Mai tsananin yana iya hana wasu shafuka aiki yadda ya kamata, kamar wurin biyan kuɗi ko wurin cike fom, kuma maganin hakan shi ne a sauke garkuwar ga wannan shafin. Abin da ban so ba a tsarinta shi ne tarkacen da aka jibga mata: asusun kuɗin kirifto, da sabis ɗin VPN na kuɗi mai ɓoye inda mutum yake shiga intanet, da mataimakin ƙirƙirarriyar basira mai suna Leo, da hotunan talla da ke fitowa a sabon shafi tun daga farko sai mutum ya je ya kashe su. Duk ana iya ɓoye su a cikin saituna, amma wanda ya zo neman sauƙi bai kamata a fara ba shi aikin shara ba.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi. Labarin da ya buɗe tsaf a Brave, wani ne ya hau babur ya je wurin da abin ya faru, ya yi waya, ya rubuta, edita ya gyara, kuma ana biyan kuɗin ajiye shafin a intanet, yawanci da dala. A mafi yawan shafukan kyauta, tallan nan da aka tare shi ne kuɗin shigar. Tsarin talla na Google mai suna AdSense yana ba mai shafi kimanin kashi 68 cikin 100 na abin da mai talla ya biya, YouTube kuma yana ba mai tasha kashi 55 na kuɗin tallan dogayen bidiyoyi, bayan tashar ta cika sharaɗin mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 a cikin shekara. Idan tallan bai sauka a wayar mai kallo ba, ba a ƙirga shi, kuma ba a biya. Brave tana toshe tallan YouTube ma, kuma wannan yana cikin manyan dalilan da suke jawo mata jama'a. To amma ga Bahaushe wannan ba magana ce ta nesa ba, domin tun da kasuwar faifai ta mutu, babban ɓangare na masana'antar Kannywood ya koma sakin shirye-shirye masu dogon zango a YouTube, inda kuɗin talla yake cikin abin da ake biyan masu ɗaukar hoto da masu haske da 'yan wasa da shi. Haka masu koyar da girki, da masu bayanin gyaran waya, da ƙananan tashoshin labarai na jihohi. Talla a Najeriya da Nijar ba ya kawo abin da yake kawowa a Amurka ko Ingila, sannan Hausa ta daɗe ba ta cikin jerin harsunan da AdSense ya amince da su a hukumance, don haka mai rubutu da Hausa dama can da ƙyar yake tsira. Ɗan abin da ya rage shi ne garkuwar take ɗaukewa.

Masu kare toshe talla sukan ce ai ba shi da bambanci da mutum ya rage muryar rediyo idan an fara talla, ko ya tashi ya sha ruwa kafin a dawo shiri. Hujjar tana da daɗin ji, amma ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Gidan rediyo ya riga ya karɓi kuɗinsa daga mai talla, ko an saurara ko ba a saurara ba. A intanet kuwa kowane kallo ake ƙirgawa, don haka wanda ya toshe ya cire kasonsa ne kai tsaye daga aljihun mai shafi, alhali ya ci cikakkiyar moriyar aikinsa. A ɗaya ɓangaren, masu cewa toshe talla sata ce su ma sun zarce. Waya ta mai ita ce, data shi ya saya, kuma yana da ikon zaɓar abin da zai sauka a cikinta. Kamfanin Axel Springer, mai jaridar Bild, ya kai kamfanin Eyeo mai Adblock Plus ƙara a Jamus, amma a Afrilun 2018 babbar kotun tarayya ta ƙasar ta yanke cewa samar da manhajar toshe talla bai saɓa wa dokar gasar kasuwanci ba, domin mai amfani ne da kansa yake yanke shawarar toshewa. Rigimar ba ta ƙare ba, don a Yulin 2025 kotun ta mayar da wata ƙarar ta daban, mai alaƙa da haƙƙin mallaka, zuwa kotun Hamburg a sake dubawa. Sai dai abin da doka ta halatta daban, abin da ke kan mutum na haƙƙi daban. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma wanda yake karanta shafi kullum ya ci wani abu daga mai shafin, ko da babu kotun da za ta tambaye shi.

Akwai wani mai haɗa manhajoji ɗan Amurka, Marco Arment, wanda ya fuskanci wannan tambaya da aljihunsa. A Satumbar 2015, lokacin da Apple ta fara barin a toshe talla a iPhone, ya fitar da manhaja mai suna Peace, nan da nan ta hau saman jerin manhajojin kuɗi da aka fi saye a Amurka. Bayan kimanin kwana biyu ya janye ta da kansa, ya bayyana cewa tana yi wa kowa kuɗin goro, tana cutar da masu shafukan da ba su cancanci a cutar da su ba. Wannan shi ne ainihin aibin garkuwar Brave ma. Ba ta san bambanci tsakanin shafin da ya cika allo da tallan yaudara da ƙaramar jaridar da ta sa talla biyu cikin mutunci ba, matuƙar duk ta hanyar kamfanonin talla na waje suka zo. Kuma da yake a kunne take zuwa, yawancin masu amfani da ita ba su taɓa yanke shawarar hana wani abu ba. An yanke musu ne tun daga kamfani.

Ya kamata a yi wa Brave adalci cewa ba ta kau da kai daga matsalar ba, ta yi ƙoƙarin kawo mafita, kuma a nan ne ya dace a auna ta da kyau. Shirinta na farko shi ne ta cire tallan da ke shafi ta maye gurbinsa da nata, sannan ta raba kuɗin da mai shafin. A Afrilun 2016 kamfanonin jaridu 17 na Amurka, ciki har da masu New York Times da Washington Post da Wall Street Journal, suka rubuta mata wasiƙar gargaɗi cewa hakan ya saɓa wa doka. A ƙarshen watan Mayun 2017 kamfanin ya sayar da kuɗinsa na kirifto mai suna Basic Attention Token, wanda ake taƙaitawa BAT, ya tara kimanin dala miliyan 35 cikin ƙasa da minti ɗaya. A Afrilun 2019 aka ƙaddamar da tsarin tallan da ke aiki a ƙarƙashin Brave Rewards: wanda ya ga dama ya kunna, sai a riƙa nuna masa talla a matsayin ɗan saƙon sanarwa, ba a cikin shafin da yake karantawa ba, kuma zaɓen tallan da ya dace da shi yana faruwa ne a cikin na'urarsa ba tare da an aika tarihin yawonsa waje ba. Kashi 70 cikin 100 na kuɗin tallan nasa ne, a biya shi da BAT, shi kuma yana iya ba da kyauta daga ciki ga shafuka da tashoshin da yake so.

Ta fuskar sirri, tsarin ya fi gwanjon da aka saba nesa ba kusa ba, kuma ya nuna cewa ana iya yin talla ba tare da bibiya ba. Amma a duba inda kuɗin ya koma. A da mai talla yana biyan mai shafi. Yanzu yana biyan Brave da mai karatu, mai shafin kuma sai abin da aka ga damar ba shi. An mayar da ladan aiki ya zama kyauta, kuma kyautar ma sai mai shafi ya yi rajista da Brave, ya haɗa asusu, kafin ta iso gare shi. Shi ma mai karatu, kafin ya ci moriyar BAT, yawanci sai ya haɗa burauzarsa da wani kamfanin ajiyar kirifto irin su Uphold, ya miƙa takardun shaidarsa, kuma ba kowace ƙasa ce wannan hanya take buɗe mata ba. A Najeriya Babban Banki ya hana bankuna mu'amala da harkar kirifto daga Fabrairun 2021 zuwa Disambar 2023, kuma ko bayan ɗage haramcin, mai ƙaramar tashar Hausa a Gusau ko Maraɗi naira ko sefa yake buƙata don ya sayi fetur ɗin janareta, ba wani kuɗi da darajarsa ke hawa da sauka ba. Abin da mutum ɗaya yake tarawa a wata ma bai taka kara ya karya ba, balle a raba shi tsakanin duk shafukan da ya karanta.

Tarihin kamfanin ma yana da tabo biyu da suka shafi amana kai tsaye. A Disambar 2018 wani sanannen mai tashar YouTube ɗan Ingila, Tom Scott, ya koka cewa Brave tana nuna sunansa da hotonsa tana karɓar kyautar BAT dominsa, alhali bai yi rajista ba kuma bai amince ba. Daga baya kamfanin ya gyara tsarin, ya riƙa bayyana waɗanda ba su yi rajista ba. A Yunin 2020 kuma aka gano cewa idan mutum ya rubuta adireshin kasuwar kirifto ta Binance, burauzar tana cika masa shi da lambar da za ta kawo wa Brave la'ada, ba tare da ta sanar da shi ba. Eich ya amsa cewa kuskure ne, aka cire. An gyara duka biyun, kuma buɗaɗɗiyar manhaja ce da kowa zai iya duba cikinta, wanda hakan ke sauƙaƙa tona irin wannan. Duk da haka, kamfanin da yake tare tallan wasu yana sayar da nasa ba ya cikin matsayi ɗaya da mai karatun da ke kare wayarsa. Shi mai karatu kariya yake nema, kamfanin kuwa ɗan kasuwa ne da ya tsaya a bakin ƙofa. Wannan zargi bai tsaya kan Brave kaɗai ba: tun 2011 Adblock Plus take da shirin barin wasu tallace-tallace da ta ce ba su da takura su wuce, kuma manyan kamfanoni suna biyan kashi 30 cikin 100 na ƙarin kuɗin da suka samu ta wannan hanya. Wanda ya fita daban shi ne Raymond Hill, mai uBlock Origin, wanda ko gudummawar kuɗi ba ya karɓa, yana cewa a kai ta ga masu kula da jerin adiresoshin. Wanda yake son garkuwa da babu kasuwanci a bayanta, Firefox tare da uBlock Origin ta fi kusa da bukatarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda asarar take faɗa wa a ƙarshe. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki tun 1957, da na DW da na RFI, kuɗin jama'ar ƙasashensu ne ginshiƙinsu, don haka toshe talla ba zai rufe su ba. Wikipedia ba ta sa talla ko kaɗan, gudummawa take rayuwa da ita. Manyan jaridun Turai da Amurka kuwa sun sami mafita: Bild ta fara hana masu toshe talla shiga shafinta tun Oktoban 2015, wasu sun kafa shingen biyan kuɗi, jaridar Guardian ta Ingila kuma ta bar shafinta a buɗe tana roƙon tallafin masu karatu, kuma ta samu. YouTube ya tsananta yaƙi da masu toshe talla daga 2023, yana cewa hakan ya saɓa wa sharuɗɗansa, yana tura mutane zuwa YouTube Premium, tsarin biyan kuɗin wata don kallo ba tare da talla ba, wanda ya iso Najeriya a 2020 kuma yake raba wani kaso na kuɗin wata ga tashoshin da mai biya ya kalla. Duk waɗannan suna da ƙarfin jurewa. Wanda ba shi da shi shi ne ƙaramin ɗan jarida mai zaman kansa, kuma idan talla ya daina ciyar da shi, hanyoyin da suka rage masa ba su da yawa: ko ya rufe, ko ya sa shingen da talaka ba zai iya tsallakewa ba, ko ya jingina da wani ɗan siyasa ko attajiri da zai riƙa biyan albashi yana faɗin abin da za a rubuta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Idan mai karatu bai biya ba, mai talla ma bai biya ba, wani ne zai biya, kuma ba don Allah zai biya ba.

Shi ya sa nake amfani da Brave da sharaɗi. Garkuwar a kunne take a duk shafin da ban sani ba, da duk inda bincike ya jefa ni, da shafukan sauke kaya, da duk wanda ya nuna cewa mai karatu ba shi da daraja a wurinsa. Amma shafukan da nake komawa kullum, waɗanda na san mutane ne suke aiki a bayansu, na sauke musu garkuwar, kuma taɓawa biyu kawai hakan yake ɗauka: a taɓa zakin, a kashe maɓallin, burauzar za ta riƙe wannan zaɓi ga shafin har sai an canza. Shirye-shiryen Hausa na YouTube kuma a manhajar YouTube nake kallonsu, inda tallan yake fitowa a ƙirga wa mai tashar. Wannan yana nufin na yarda a ɗan bibiye ni a waɗannan wurare, kuma na san farashi ne nake biya. Wanda yake da hali, biyan kuɗin wata ga jarida ko tura gudummawa kai tsaye ya fi wannan amfani sosai, domin abin da mutum ɗaya zai tura sau ɗaya yana iya fin abin da kallon tallansa zai kawo a shekara.

Ga wanda zai saka wa iyayensa ko ƙannensa burauza, ko wanda datarsa ke ƙarewa kafin wata ya ƙare, ina ba da shawarar Brave ba tare da shakka ba, amma a bar Brave Rewards a kashe, a ɓoye asusun kirifton da hotunan tallan sabon shafi. Abin da nake so kamfanin ya ƙara ƙarami ne kuma yana cikin ikonsa: idan burauzar ta lura mutum yana yawan komawa wani shafi, ta tambaye shi ko yana son ya sauke masa garkuwa, maimakon ta bar shi yana murna da yawan abin da aka tare kawai. Masu shafuka da tashoshin Hausa su ma akwai abin da ke hannunsu. Tallan da mai shago ko makaranta ko kamfanin gida ya biya kai tsaye, aka sa hotonsa a shafi daga rumbun shafin kansa ko mai gabatarwa ya karanta shi da bakinsa a cikin shiri, ba ya bibiyar kowa, ba ya cin data mai yawa, kuɗinsa duka na mai shafin ne, kuma garkuwa ba ta iya yanke muryar mai gabatarwa. Lambar asusun banki a ƙasan kowane labari, da bayani a sarari kan abin da za a yi da gudummawar, ita ma hanya ce da masu karatu a nan suka riga suka saba da ita, tun da tura kuɗi ta waya ya zama ruwan dare.